Bitas Goma Sha Ɗaya da Jan San Yaya Mutari

Da sunan Allah, mai rahama, mai jinƙai.

Zuwa ga Yaya Mutari a Damagaram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maigidanka na wurin walda da mutanen gidan da kake kwana. Allah ya tsare ka a kan gudron, titin kwalta, ya raba ka da manyan motoci da masu tuƙin gaggawa, amin. Mu nan lafiya lau muke, sai zafin bazara.

Baba ne ya sa ni wannan rubutu. Amma kafin in shiga nasa, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna. Na hau kekenka na tsere. Zuwanka na Sallah, ranar da ka tafi Waca gaida su Gwaggo ka bar shi a zaure, na sa tsohon wandonka a ƙarƙashin zane, na tura keken ta bayan gari har bakin gudron. Ƙafata ba ta kai ƙasa, sai da na taka kututture na hau. Da farko tsoro kawai nake ji. Can sai na ji yana tafiya kamar ba ni ke tura shi ba. Na danna hannun bitas, wato giyar keken, yadda na ga kana yi. A bitas ɗaya feda ta yi mini nauyi har cinyata na zafi. Na danna sau ɗaya, sai ta yi sakayau, ƙafafuna suna ta juyawa a banza. Na yi ta neman wadda ke tsakaninsu, babu. Na mayar da shi zaure na goge tayoyin, ba wanda ya gane. Ka yafe mini.

Shi ya sa ranar da ka kira, da ka ce wa Baba bitas takwas ɗinka suna da giɓi, abokan tserenka suna samun daidai ƙafarsu kai ba ka samu, ya ce maka raki ne, ni na san gaskiya ka faɗa. Ina tsaye riƙe da butarsa, bakina ya ƙi buɗuwa. Ka san halina.

Ka roƙi a sayar da jan sanka a aiko maka da kuɗin, ka sayi kayan bitas goma sha ɗaya da abokinka Nasiru ya cire daga kekensa, kafin tseren ƙarshen damina da za a zaɓi masu wakiltar jiha. Baba ya ɗaga murya, kai ma ka ɗaga, rezo, wato layin wayar, ya yanke, ba wanda ya sāke kiran wani. Tun daga ranar ba ya cinye tuwonsa. Yau da hantsi babu aiki a rumfa, sai ya ce in ɗauko kayena na lakwal, wato littafin rubutuna na makaranta, da bik, wai a telefon mutum ba ya jin ƙarshen maganar ɗan'uwansa, amma takarda ba ta katse mutum. Ka san ba ya kama sunanka, kai ne na fari. Duk inda ya ce "yaron nan" na rubuta "kai", don ka ji da kai yake. Daga nan maganarsa ce yadda ta fito daga bakinsa. In ni ce na sa baki zan faɗa maka.

Ga maganar Baba.

Ina gaishe ka, ina yi maka addu'a safe da yamma. Ka saurara har ƙarshe, sannan ka yi abin da ka ga ya dace.

Ba zan ce maka kayan goma sha ɗaya ba su da kyau ba. In na faɗi haka na yi ƙarya. Shekarun baya wani matafiyi ya biyo gudron da irin keken, wayar bitas ɗinsa ta tsinke, aka nuno masa rumfata. Da na gama na rataye keken a reshen dogon yaro na juya feda. Ban taɓa jin sarƙa ta sauka daga wannan faifai zuwa wancan shiru haka ba. Ka taɓa hannun da ɗan yatsa, ta wuce. Faya-fayan haƙoran baya, waɗanda kuke kira finyo, suna kusa da juna, kowane ya ɗara na gabansa da kaɗan, don haka ƙafa ba ta rasa wurin zama. Birkin na kamawa ba sai ka matse da ƙarfi ba. Na ɗaga keken da hannu ɗaya. Na koma gida ina ta labarinsa har Innarku ta ce in bi shi mana in yana ɗaukar yaran gida. To ka ga na san abin da idonka ya gani. Naka na takwas ya fi nauyi, ya fi ƙara, tsakanin finyo da finyo akwai tazara. Duk wannan haka ne. Abin da zan gaya maka shi ne inda ni na faɗi, don kada ka faɗi a wurin.

Farkon abin kunyar da na yi a sana'ar nan a kasuwar Dungas ne. Lokacin ban daɗe da kafa rumfa ba, kekunan ƙauye kaɗai na sani, masu sarƙa ɗaya da faifai ɗaya. Wani mushe da ke koyarwa a Dogo-Dogo ya kawo keke mai bitas, sarƙarsa ta tsinke. Ban taɓa kwance irinsa ba. Mutane na zaune a bencina suna kallo, na ji nauyin in ce ban sani ba. Na ɗauko sarƙar keken ƙauye, mai kauri, na ɗaura masa, na ce ai sarƙa sarƙa ce. Ya biya ya tafi. Bai yi nisa ba ya canza bitas, sarƙar ta cije tsakanin faya-fayan, ta ja deraye, wato ƙarfen nan da ke tura sarƙa, ta cusa shi cikin wayoyin ƙafar baya. Da ƙafa ya dawo yana tura keken cikin rairayi, rigarsa ta jiƙe. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Malam, da ka ce mini ba ka sani ba, da na gode maka." Har yau in na tuna sai in ji zafin rana a ƙeyata.

Abin da na koya ranar, kayan bitas dangi ne, ba sa zama da bare. Na goma sha ɗaya sarƙarsu siririya ce, finyonsu sirara, deraye nasu daban, hannun da ake dannawa nasu daban, kuma a keken tsere hannun bitas da na birki a haɗe suke. Ba ka sayen ɗaya ka bar saura. Har cibiyar ƙafar baya sai ka duba, domin tsofaffin ƙafafu da yawa ba sa ɗaukar finyo goma sha ɗaya, gurbin bai kai ba. Kekenka ɗan gwanjo ne, ya ga shekaru kafin ya zo hannunka. In ƙafar ta ƙi, sai sabuwar ƙafa. Kuɗin da Nasiru ya faɗa maka na abin da ke cikin buhunsa ne kaɗai, bai haɗa da abin da kekenka zai nema daga baya ba. Kafin ka ce masa komai, ka kai keken wurin wanda ya san irinsa ya gwada. In kai ma akwai abin da ba ka sani ba, ka faɗa a gaban kowa. Kunyar ta ɗan lokaci ce.

Na biyu, mai. Na yi shekaru ina shafa wa sarƙoƙin mutane baƙin man da aka juye daga mota. Kyauta nake samunsa a tasha, ina ganin na yi dabara. Mai keke ya ga sarƙa ta yi baƙi tana sheƙi, ya ji daɗi, ni ma in ji daɗi. Ashe rairayin ƙasar nan nake kira. Ya manne a man, ya zama kamar dutsen niƙa, yana cin sarƙa yana cin haƙori. Wani mai kai madara Magarya kullum ya riƙa dawowa, haƙoran faifansa sun yi tsini kamar ƙaya, ni kuwa ina ce masa kayan yanzu ne ba ƙarko. Ni ne nake cinye masa keke da hannuna. Sai da na wanke sarƙar kekena da kananzir wata rana, na ga abin da ya kwanta a gindin gwangwanin, sannan na gane.

Sarƙar takwas mai kauri ce, tana da haƙuri. Ka manta da ita mako guda, ta yi ƙara ta ci gaba da tafiya. Ta goma sha ɗaya ba ta da wannan haƙurin, an yi ta don hanyoyin da ba su san rairayi ba. In ta miƙe ba ka canza ta ba, za ta cinye finyon, su kuma ba a samunsu a nan kusa. Sarƙar takwas in ta tsinke maka yau, gobe ka samu a kasuwar Magarya, ko a Mallawa wurin masu shigo da kaya. Ta goma sha ɗaya sai an aika Kano ko Yamai, ka zauna jiran mota, abokanka suna kan hanya kai kana kallon keke a jingine. Ko wanne ka hau, ka riƙe wannan: tsumma kullum in ka sauka, wanki in ta yi datti, mai marar kauri ɗigo ɗigo, sannan ka goge na waje. Na ga ƙananan kaya masu tsabta suna shiga bitas sumul, na ga manya masu datti suna tsalle.

Yaya, ni ce Ramatu. A nan Baba ya tsaya saboda an kawo keken wani ɗan kolej mai bitas, sarƙar na faɗuwa. Ban sani ba ko ka lura da ka zo, idonsa ya ƙara yin hazo, ba ya ganin ƙananan kusoshin nan biyu na jikin deraye. Yadda muke yi yanzu, ya rataye keken a reshe, ya juya feda ya kara kunnensa, ni in riƙe turnabis ina juya kusar. Ya ce ƙara kaɗan, in ƙara. Ya ce koma, in koma. In ƙarar ta ɗauke sai ya ɗaga hannu. Masu shayi suna tsokanarsa wai ya ɗauki ƙaramar yarinya ta zama idonsa, ya ce musu ai gara shi, su idon nasu biyu ba abin da suke gani sai kofin wani. Ni dai ba na ɗaga kai. Mun gama, ya wanke hannu, ya ce in ci gaba.

Kada ka ɗauka ina cewa mai araha shi ne mai kyau. A nan ma na sha ƙasa. Kana goye, muka tashi zuwa suna a Waca, Innarku a bayan keke. Kwana kaɗan kafin nan na sayi robar birki a Mallawa. An nuna mini ta gaskiya, an nuna mini wata mai kama da ita a rabin kuɗi, na ɗauki ta rabin, ina cewa roba ai roba ce. An yi ruwa da safe. Da muka zo gangaren tafki na matse birki, keken bai ma san na matse ba. Muka tafi har cikin shingen ƙaya.

Yaya, ni ce kuma. Inna ta kawo fura daidai nan, ta ce ba shinge ba ne kawai, ta cikinsa suka wuce suka faɗa garken awakin mutane, kuma wai ko kuka ba ka yi ba, dariya ka yi, tun ranar ta san ba za ka bar gudu ba. Baba ya ce ba ita aka tambaya ba. Ta ce ita ce ta cire ƙaya a gwiwarta, don haka da ita a cikin labarin. Ta ce in gaya maka ka riƙa sa hular kwano ko tafiyar kusa ce. Ga ci gaban maganarsa.

Ƙaramin kaya na gaskiya daban, jabu daban. Takwas ɗinka na gaskiya ne, na taɓa su da hannuna, ƙarfen kirki ne, nauyi kawai gare su. Jabu kuwa yana zuwa da sunan manya a jikinsa. Abin da ranka ya rataya a kai, birki da taya da waya, kada ka nemi araha a kansu ko da za ka kwana da yunwa. Kayan Nasiru kuma ba sababbi ba ne. Ban ce yaron zai cuce ka ba, amma ka tambayi kanka me ya sa ya cire su. Ka bi haƙoran finyon da yatsa. In kansu a daƙile yake suna da sauran rai, in sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya sun gama. Ka kama deraye ka girgiza, in yana lilo ya tsufa. Ka danna hannun tun daga sama har ƙasa kana saurare. Babban kaya da ya gaji bai kai ƙarami mai lafiya ba.

Yanzu ga wanda ya fi yi mini ciwo. Ka san ƙarfen nan da ke bayan rumbu, wanda kaji ke yin ƙwai a ƙarƙashinsa. Ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Injin hura taya ne. Wani ya buɗe rumfa kusa da tasha da irinsa, yana hura taya kafin ka ƙifta ido, ni ina fama da famfon hannu. Na ga mutane na tsayawa wurinsa, barci ya ƙaurace mini. Ina da baƙin sa a lokacin, abokin huɗar san Kakanku. Kakanku ya ce in jira kaka. Na ce kafin kaka an kwashe mini mutane. Na kai san kasuwa ana gab da shuka, na sayo irin injin, ɗan gwanjo. Ya yi aiki har na fara ɗaga kafaɗa. Sai wani ƙarfe ya fashe a cikinsa, aka nema har ƙetaren iyaka ba a samu ba. Ruwa ya sauka, sa ɗaya ba ya jan garma. Da hannu muka yi gonar gyaɗa, ni da tsoho, muka makara, abin da muka cire bai kai na iri da na miya ba. Kakanku bai ce mini komai ba duk daminar, da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Mutanen da nake tsoron za a kwashe mini kuwa suka dawo da kansu, domin wancan hura taya ya iya, bai iya ɗaure ƙafar keke ba.

Na sayar da abin da ke ci yana girma, na sayi abin da ke ci yana ƙarewa. Jan san nan daga tunkiyar da Kakanku ya ba ka ranar sunanka ya fito, ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, aka haɗa aka sayi maraƙi. Shekarunka ne a tsaye a turke. Sarƙa da finyo kuwa ko na wane ne, ranar da ka ɗaura su suka fara mutuwa.

Ka kuma duba wannan. In an sayar da shi, farin sana ya zama shi kaɗai, huɗa ta tashi, sai hauya. Ni da idon nan ba zan iya ba, dole ka dawo ka yi damina gaba ɗaya a gona. Ka sayi bitas goma sha ɗaya ka jingine su a zaure, ka je tseren da ƙafar da ta manta feda. In kuwa yana nan, zuwanka na huɗa ne kaɗai, ka ja mini shanun a gaba layi ya miƙe, ni in riƙe garma, mu gama ka koma. Ko hakan na san zai rage maka horo, amma ba ni da wani mai ja.

Ga abin da nake so ka yi kafin ka ba ni amsa. Ka samu ɗaya daga cikin waɗanda ke wuce ka, mai manyan kaya, wanda tsayinku ya zo ɗaya. Ka roƙe shi ku yi musaya da safe ɗaya, ka hau nasa ya hau naka, ku bi hanyar da kuka saba. In ka wuce shi, ka kira ni ka gaya mini, zan san kayan ne ke riƙe ka. In ya sāke wuce ka a kan kekenka mai takwas, to ka san inda aikin yake, kuma ba a sayar da shi a kasuwa. Kada ka ji haushin amsar ko wacce ce. Ni ban yi wannan gwajin ba kafin in sayi inji, da na ari na wani na yini ɗaya da na gane mutane ba iska suke zuwa saya wurina ba.

Yaya, ni ce. Da Baba ya zo nan na yi ƙarfin hali na ce masa wani abu. Ban faɗi yadda aka yi na sani ba. Na ce da kekenka yana zaure na ga manyan finyo biyu na sama suna nan fes kamar ba a taɓa hawansu ba, na ƙasa ne suka yi baƙi. Ya ce in sāke faɗa. Na sāke. Sai ya buga cinyarsa ya ce in rubuta wannan da kyau.

Ƙanwarka ta ga abin da ni ban gani ba. Finyon da ke kekenka na ƙasar duwatsu ne, an yi manyan don hawan tudu. Hanyoyinku yawanci shimfiɗe suke, shi ya sa ba ka taɓa su. Kenan ba takwas kake hawa ba, shida kake hawa, biyu kana ɗaukarsu ne kawai. Akwai finyo takwas da ake yi don shimfiɗaɗɗiyar hanya, babu manyan, duka takwas ɗin kusa da juna. Suna shiga ƙafarka, suna aiki da hannunka da derayenka, ba ka canza komai sai su da sabuwar sarƙa. Giɓin da kake kuka da shi zai ragu sosai. Ba zai zama kamar goma sha ɗaya ba, kada in ruɗe ka, amma ƙafarka za ta sami wurin zama. Ka haɗa da sababbin wayoyi, da robar birki ta gaskiya, da taya mai kyau, domin taya ce ke taɓa ƙasa, ita ake fara ji. Wannan bai kai a taɓa sa ba. Akwai buhun wake da na ajiye, shi zan sayar, kuma ba bashi ba ne.

Saura abu ɗaya. Na ce maka a telefon tseren keke wasan yara ne. Ban kyauta ba. Tsoro ne ya sa ni, na ji ka ambaci sa sai na ga kaina a hanyar kasuwa riƙe da igiya. Mutumin da ya ci abinci da keke duk rayuwarsa bai kamata ya raina mai hawansa ba. Ran da ka zo da Sallah ka wuce ta gaban rumfa a guje, ban gan ka sosai ba, amma na ji ƙarar tayarka, na ji masu shayi sun yi tsit. Na ce musu nawa ne.

San naka ne. In ka karanta wannan, ka yi gwajin, ka ce a sayar, zan sa a kai shi kasuwa, ba zan kuma sāke tayar da maganar ba. Ba na so ka bar shi don tsorona. Ka kiyaye salla a kan lokacinta ko kana hanya. Ka kama aikin maigidanka da gaskiya, kada keke ya sa ya ga kamar ka raina sana'arsa. Kada ka bi bayan babbar mota don ta tare maka iska, na ji ana yi. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ƙafarka ƙarfi, ya sa ka dawo mana da lafiyarka ko ka ci ko ba ka ci ba. Allah ya yi maka albarka.

Nan maganar Baba ta ƙare. Na karanta masa nasa daga farko, ya ce haka ne, sai dai wai na sa shi ya yi surutu da yawa. Inna na gaishe ka, ta ƙulla maka ƙuli-ƙuli da yaji, suna wurin direban da zai ba ka takardar nan. Ni ma ina yi maka addu'ar da suka yi, Allah ya kiyaye hanya, amin.

Sauran nawa ne, ban karanta masa ba.

Na yi ta tunanin abin da ya ce, cewa ko an bar san sai ka zo ka ja masa shanu. Huɗa ba ta jiran kowa, in ruwa ya sauka a lokacin ake yinta, kuma lokacin ne abokanka za su fi horo. Gwaggo ta aiko tun kwanaki wai in je Waca in yi damina wurinta in koyi keken ɗinki. Inna ta ce in na so in tafi. Na so, don ina son ɗinki. Amma na ce wa Gwaggo sai bayan kaka, ban faɗi dalili ba.

Ka san ina tsoron jan san nan tun ranar da ya watsar da ni da bokitin ruwa. Yanzu ni ke kai masa dusa da harawa. Da farko daga nesa nake turawa da sanda. Daga baya na fara tsayawa har ya gama ci, ina yi masa magana a hankali don ya san muryata, shi ba ya cewa in ɗaga murya. Na koyi ɗaura musu karkiya wurin ɗan maƙwabta, na ce masa don amalanke nake so. Jiya da yamma na kwance shi da farin na kai su rijiya ni kaɗai. A dawowa na bi gefen gonar gyaɗa, na sa ido a kan gawon nan na ƙarshen gona na miƙe sosai, suka biyo ni. Da na waiwaya, sawunmu a rairayi ya tafi ɗoɗar, bai karkace ba.

In ka bar san, ba sai ka zo huɗa ba. Ni zan ja. Ranar da aka yi ruwan shuka zan gaya wa Baba, in ya ga shanun sun riga sun saba da ni ba zai hana ba. Kai dai ka zauna can ka yi ta hawa.

Ƙanwarka,
Ramatu